Jarrabawar Turanci ta Duolingo: araha da sauri, amma a duba sharuɗɗanta kafin a biya

Mai neman gurbin karatu a jami'o'in Amurka, Birtaniya ko Kanada, in dai ba makarantar ce ta ɗauke masa ba, sai ya kawo shaidar cewa yana jin Turanci daidai gwargwadon da zai iya bin lacca. Shekara da shekaru IELTS da TOEFL ne suka riƙe wannan fage. Kamfanin Duolingo da ke Pittsburgh a Amurka ya fito da tasa jarrabawar a 2016, amma ba ta yi tashe ba sai a 2020, lokacin da annobar korona ta rufe cibiyoyin jarrabawa, jami'o'i suka rasa yadda za su yi da masu nema. Yau makarantu da sassan karatu fiye da 5,000 ne ke karɓarta. A ganina jarrabawa ce mai kyau, kuma ta sauƙaƙa wa ɗalibai da yawa, sai dai ba kowa ta dace da shi ba, kuma ana iya asarar kuɗi da lokaci a kanta ta hanyoyi biyu da zan daɗe a kansu a ƙasa.

Da farko a raba abubuwa biyu da ake haɗawa. Manhajar Duolingo ta koyon harshe mai koren tsuntsu daban, jarrabawar daban. Kamfaninsu ne ɗaya kawai, kuma yawan wasa da manhajar ba shiri ba ne. Sannan jarrabawar Turanci ce zalla. Ba ta maye gurbin jarrabawowin neman shiga jami'a irin su SAT ga mai neman digirin farko, ko GRE da GMAT ga mai neman digiri na biyu. Jami'ar da ta nemi waɗancan tana nan tana nemansu.

Ana yin ta a gida, a kwamfuta mai kyamara da makirufo da lasifika, ta wata manhaja da ake saukewa. Babu zaɓen rana, babu jiran gurbi. In ka biya kana da kwana 21 ka zauna, dare ko rana. Tana cin kusan awa ɗaya, sakamako ya fito cikin kwana biyu, wanda yake gaggawa kuma ya ƙara kuɗi a ba shi cikin awa 12. Makin daga 10 ne zuwa 160, yana hawa biyar-biyar, kuma yana aiki shekara biyu. IELTS kuwa awa biyu da minti 45 take ci, a cibiya, a ranar da aka samu gurbi.

Batun kuɗi shi ne babban abin da ke jan mutane. A 2020 dala 49 ce, ta yi ta hawa har ta kai wajen dala 70, alhali IELTS da TOEFL sun haura dala 200 a ƙasashe da dama. Akwai kuma wani rangwamen da ba a cika lura da shi ba. Tura sakamakon Duolingo kyauta ne, ko makarantu nawa ne. A TOEFL makarantu huɗu ake tura wa kyauta, na biyar zuwa sama sai an biya kowanne. Ga mai neman jami'o'i goma ko sha biyu a Amurka, wannan kaɗai ba ƙaramin abu ba ne.

Dalilin da ya sa awa ɗaya ta isa shi ne jarrabawar tana bin sawun mai amsawa. In ka ci tambaya, ta gaba sai ta ƙara tsauri. In ka faɗi, ta sassauta. Da haka take lalubo matsayinka ba sai an yi maka tambayoyi masu yawa da suka fi ƙarfinka ko suka yi maka sauƙi ba. Saboda haka jin tambayoyi sun yi wuya a tsakiya ba alamar faɗuwa ba ce, sau da yawa ma akasin haka ne. Abin da ya biyo bayan wannan tsari kuma shi ne ba a komawa baya. In ka wuce tambaya, ta wuce ke nan, kuma kowace da agogonta.

Agogon nan shi ne ainihin wahalar. Akwai sashen da ake nuno kalma ɗaya-ɗaya, a ba ka daƙiƙa biyar ka ce kalmar Turanci ce ta gaske ko ƙirƙirarriya. Ƙirƙirarrun an gina su da siffar Turanci sosai, sai harafi ɗaya ko ɗafi ya bambanta su, shi ya sa mai cewa "eh" ga duk abin da ya yi kama da Turanci yake zubar da maki. Akwai jimla mai kalma guda da aka cire wa rabi, daƙiƙa 20. Akwai sakin layi da aka gutsure wa kalmomi da yawa, minti uku, kuma dabararsa ita ce a karanta shi duka tukuna, domin jimlar farko da ta ƙarshe cikakku ne kuma su ke nuna inda zancen ya dosa. Akwai shifta: a karanta jimla, ka rubuta cikin minti ɗaya, kana iya jin ta sau uku kacal. A nan ƙananan kalmomi da ƙarshen kalma masu nuna jam'i ko shuɗaɗɗen lokaci su ne kunne ke tsallakewa, gara a ajiye ji na uku don su.

A ɓangaren rubutu ana nuna hoto a ba ka minti ɗaya ka bayyana shi. Jimla ɗaya gajera ba ta kai mutum ko'ina; biyu ko uku masu faɗin wane ne, me yake yi, a ina, sun fi. Akwai rubutu mai hawa biyu, minti biyar kan batu, sai a ɗora tambaya ta biyu a ba ka minti uku. A ƙarshe akwai rubutun minti biyar da magana ta har minti uku, waɗanda ake ba maki kuma ake tura su ga jami'a tare da sakamako, har da bidiyon. Wato jami'in ɗaukar ɗalibai zai iya ganin fuskarka ya ji muryarka. Wannan ina ganin alheri ne ga ɗalibin da bakinsa ya fi alƙalaminsa.

Ga wanda hannunsa bai saba da madannan kwamfuta ba, gaskiya wannan jarrabawa za ta cuce shi. Mutum yana iya jin Turanci sarai, amma in yana neman haruffa da yatsa ɗaya, minti biyar ba za su ishe shi ya nuna abin da ya sani ba, kuma babu mai gyara masa kuskuren rubutu. Mako biyu ko uku na koyon buga rubutu sun fi masa amfani da haddace jerin kalmomi. Kamfanin na sauya nau'in tambayoyi lokaci zuwa lokaci, a 2025 ma ya cire karatu a bayyane ya kawo hira mai tambaya da amsa, don haka bidiyon koyarwa na shekara uku baya yana iya ɓatar da mutum. Gwajin da ke shafinsu kyauta ne, ana maimaita shi yadda aka so, kuma yana ba da kiyasin maki tsakanin kaza da kaza. A ɗauki na ƙasan a matsayin gaskiya.

Yanzu hanya ta farko da ake asara. A cibiya, hukumar jarrabawa ce ke da alhakin ɗaki, wuta, shiru da na'ura. A Duolingo duk wannan nauyin ya dawo kanka. Ana naɗar bidiyonka da allonka daga farko har ƙarshe, na'ura ta duba, masu sa ido su duba bayan ka gama, kuma in suka ga abin da ya saɓa ƙa'ida ba za su tantance sakamakon ba, ko da ba ka yi niyyar maguɗi ba. Babu wanda zai tsayar da kai a lokacin ya ce gyara. Sai bayan kwana biyu ka ji.

Ƙa'idojin ba su da sassauci. Dole fuska ta fito fili har a gama, a nuna kunnuwa biyu, kuma ba a sa abin sauraro a kunne ko kaɗan. Mai lulluɓi saboda addini ta karanta ƙa'idar nuna kunne a shafinsu kafin ranar, kada ta fara sai a tsakiya abin ya zo mata ba shiri. Ba takarda, ba biro, ba rubuta abin tuni. Ba a kau da ido daga allo na tsawon lokaci, kuma wannan ne ya fi kama mutanen kirki, domin da yawa in suna tunani sama suke kallo ko gefe, wasu kuma idonsu na kan madannai. Ba wanda zai shigo ɗakin ko a ji muryarsa. A rufe duk wata manhaja, musamman masu gyaran nahawu da masu hasashen kalma, a cire allo na biyu in akwai. Haske ya zo daga gaba. Taga a bayan mutum na mai da fuskarsa inuwa. Yanzu kuma ana buƙatar waya a matsayin kyamara ta biyu: a ɗauki lambar QR da ita, a jingina ta a gefe yadda za ta ga allo da madannai. A cika mata caji, a hana kira shigowa, a kuma jingina ta da abu mai nauyi, don in ta zame a tsakiya an shiga matsala.

Intanet ɗin da suke nema ba mai yawa ba ne, megabit 2 na saukewa da 1 na ɗorawa, amma ɗorewarsa ta fi ƙarfinsa muhimmanci, musamman a ƙarshe lokacin da ake ɗora bidiyon. Kada a rufe kwamfuta sai an ga saƙon kammalawa. Sunan da ke asusun kuma ya zo daidai da na fasfo ko katin shaida, harafi da harafi, kuma katin ainihi ake nunawa, ba hotonsa ba.

In matsalar na'ura ce ko ƙaramin kuskure, galibi ana ba da damar sakewa ba tare da sabon biya ba, kuma akwai ɗaukaka ƙara cikin awa 72. In kuwa suka yanke cewa maguɗi ne, kamar haddataccen rubutu da aka kwafo ko taimakon wani, suna iya toshe asusun. Inda nake ganin sun gaza shi ne bayanin da suke bayarwa gajere ne, layi ɗaya mai faɗin ƙa'idar da aka karya, ba tare da nuna minti ko daƙiƙar da abin ya faru ba. Ɗalibin da bai san laifinsa ba zai iya maimaita shi. Haddatattun jimlolin buɗe rubutu da ake yaɗawa a intanet kuwa a guje su, domin dubban mutane ne ke zuba iri ɗaya, kuma gano su ba wuya.

Hanya ta biyu ta fi tsada, ita ce a ci jarrabawar sannan a tarar ba a karɓarta inda ake so. Ganin sunan jami'a a jerin Duolingo bai wadatar ba. Jami'a ɗaya tana iya karɓa a digirin farko ta ƙi a digiri na biyu, ko sashen injiniya ya karɓa, na shari'a ko aikin jinya ya ƙi. Shafin sashen da kake nema shi ne hujja, in da shakka kuma a rubuta wa ofishin ɗaukar ɗalibai a ajiye amsarsu. Bayan jami'a akwai biza. A Amurka makaranta ce ke yanke hukunci kan Turanci, shi ya sa Duolingo ta fi ƙarfi a can. A Birtaniya, jami'ar da gwamnati ta amince da ita tana iya auna Turancin mai karatun digiri da kanta, don haka wasu na karɓa; amma mai zuwa karatun share fage ko wani kwas da bai kai digiri ba yawanci sai ya kawo jarrabawa daga jerin da hukumar shige da fice ta amince da su, irin su IELTS ta UKVI (wato wadda ake yi don bizar Birtaniya), kuma Duolingo ba ta ciki. Ostireliya ba ta karɓar jarrabawar da aka yi a gida don bizar ɗalibi. Hukumomin rajistar likitoci da ma'aikatan jinya su ma IELTS ko OET, jarrabawar Turanci ta ma'aikatan lafiya, suka fi nema. Wanda ke da niyyar ɗayan waɗannan, gara ya biya mai tsadar sau ɗaya.

Wajen maki, a teburin kwatance na kamfanin, 120 zuwa 125 na daidai da 6.5 a IELTS, 130 zuwa 135 kuma daidai da 7. Jami'o'i da yawa na tsayawa tsakanin 105 da 120, masu tsananin gasa su nemi 130 ko fiye. A lura da ƙananan makin ma. Takardar na nuna na karatu, rubutu, sauraro da magana daban-daban, kuma wasu sassan na sa wa kowanne iyaka. Mai jimillar 125 da rubutunsa ya tsaya a 100 yana iya rasa gurbin da mai 120 daidaitacce zai samu. IELTS ta kwamfuta na da damar sake fanni ɗaya cikin kwana 60 a cibiyoyin da ke yin haka. A Duolingo sai dai a sake duka.

Akwai kuma abin da ba ta aunawa sosai. Rubutun minti biyar ba ya nuna ko mutum zai iya gina hujja mai tsawo, alhali IELTS na neman kalma 250 a aikin rubutunta na biyu cikin kusan minti 40. Wanda ya ci Duolingo da maki mai kyau kada ya ɗauka ya gama da rubutun jami'a.

Ana iya sayen jarrabawar sau uku kacal cikin kwana 30, kuma kowace sakewa na cin kwana biyun jiran sakamako, ban da na ɗaukaka ƙara in ta kama. Saboda haka a zauna ta farko aƙalla mako uku ko huɗu kafin ranar rufe karɓar takardu. A kuma lissafa shekara biyun da kyau: wasu jami'o'in suna so sakamakon ya kasance da rai har ranar fara karatu, ba ranar da aka tura takardar nema kawai ba.