CAM-ICU ko ICDSC: wanne za a ɗauka don gano rikicewar hankali a sashen kulawa ta musamman?

Majinyacin da ke fizge-fizge yana neman cire bututun numfashi, kowa ya gan shi ya san hankalinsa ya rikice. Wanda ake wucewa shi ne mai kwanciya shiru, ido a buɗe, ana cewa ya samu natsuwa alhali bai san inda yake ba. Saboda irinsa ake neman ma'auni, kuma biyu ne aka fi yarda da su, dukansu sun fito a 2001.

CAM-ICU, na Dakta Wesley Ely da abokan aikinsa a Jami'ar Vanderbilt ta Amurka, gwaji ne na nan take. Ma'aikaciyar jinya za ta riƙe hannun majinyaci ta karanto masa haruffa 10, ya matse hannunta duk sanda ya ji harafin A. Ya yi kuskure fiye da biyu, hankalinsa ba ya wurin. Sai tambayoyin e ko a'a, kamar ko dutse yana tsayawa a saman ruwa. Ba sai ya yi magana ba, don haka wanda ke kan na'urar numfashi ma yana iya yi. Rauninsa, halin wannan lokacin kawai yake nunawa: mai sumbatu da tsakar dare na iya wucewa a gwajin safe ba a gane shi ba.

ICDSC kuwa daga Montreal ta Kanada ya fito. Abubuwa 8 ake lura da su tsawon zaman aiki, har da rikicewar barci da gane-gane. Maki 4 zuwa sama, akwai ciwon.

Wani nazari na 2012 da ya tattara bincike da dama ya nuna CAM-ICU na kama kashi 80 cikin 100 na masu ciwon, ICDSC kashi 74. Wajen wanke masu lafiyar hankali, na farko kusan kashi 96, na biyu kusan 82. A takarda CAM-ICU ne gaba.

Sai dai a 2011 an bi sawun aikin yau da kullum a asibitocin Holan, aka tarar CAM-ICU yana kama kashi 47 kacal. Wannan ya fi damuna, domin sama da rabi sun wuce ba a gane su ba.

In sashenku zai iya horar da ma'aikata a gefen gado, ana maimaita gwajin kowane zaman aiki, ku ɗauki CAM-ICU. In ma'aikaciya ɗaya ce ke yini da majinyaci tana rubuta abin da ta gani, ICDSC ya fi dacewa da hannunta. Kowanne aka ɗauka, a fara duba zurfin maganin barci da ma'aunin RASS, mai nuna yadda majinyaci yake a farke ko a barci; wanda ke kan -4 ko -5, wato barci mai nauyi sosai, ba ya gwaduwa, sai ya ɗan farfaɗo.