Agogon Time Timer ga mai ADHD: abin da yake iyawa da inda ya gaza

Tambayar da ta fi gajiyar da mai ADHD ita ce "me ya tsayar da kai?" An aike shi babbar kasuwa tun hantsi, sai bayan azahar ya dawo, kuma tsakaninsa da Allah bai san rana ta yi haka ba. A gida a ce shiririta ce, ko raini, ko kunnen ƙashi. Shi kuwa ya rasa amsar da za ta gamsar da kowa, domin abin da ya faru a cikin kansa ba mai iya gani. Agogon da ake kira Time Timer wannan gurbin yake cikewa, kuma a ganinmu ya ci kuɗinsa, muddin mai saye ya san iyakarsa.

ADHD, wanda likitocinmu na Nijar ke rubutawa TDAH da Faransanci, yanayi ne na ƙwaƙwalwa da ke hana mutum riƙe hankalinsa wuri guda, ko ya sa shi yawan motsi da aikata abu kafin tunani. Yana shafar kusan yara 5 cikin 100 da manya 2 zuwa 3 cikin 100, kuma gado na da babban hannu a ciki. Ɓangaren da ba a cika magana a kai ba shi ne lokaci. Masanin halayyar ɗan Adam na Amurka Russell Barkley ya kira abin makantar lokaci: mutum ya iya karanta agogo sarai, amma jikinsa ba ya jin wucewar minti 40 dabam da ta minti 10. Lokaci a wajensa kashi biyu ne kawai, yanzu da ba yanzu ba.

Agogon kansa ba wani abu mai rikitarwa ba ne. Wata uwa ce a birnin Cincinnati na Amurka, Jan Rogers, ta ƙirƙiro shi a shekarun 1990 saboda ƙaramar ɗiyarta. Farar fuska ce mai lambobi daga 0 zuwa 55, sifili yana sama, lambobin kuma suna bin hagu, saɓanin agogon bango. Babu hannu, sai wani jan faifai. Idan ana son minti 20, a jawo faifan zuwa 20, sai jan yanki ya rufe kashi ɗaya cikin uku na fuskar. Daga nan yankin ya yi ta raguwa kamar ana yankar waina, har ya ƙare a sifili. Batir ɗaya yake ci, irin pil ɗin AA. Ba ya yin ƙas-ƙas, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda motsin ƙadangare ma kan ɗauke masa hankali. Ƙarar da yake yi in lokaci ya cika ana iya kashe ta.

Amfaninsa shi ne ba ya bukatar lissafi. Agogon waya yana cewa 7:38, sai ƙwaƙwalwa ta tuna ƙarfe nawa za a fita, ta ɗebe, ta riƙe sakamakon, kuma wannan riƙewar ita ce daidai inda mai ADHD yake da rauni. Jan faifai kuwa ko da wutsiyar ido aka kalle shi an san abin da ya rage. Yaron da bai shiga lakwal ba ma yana ganewa.

Agogon yana zuwa iri-iri, kuma ga mazaunin Maradi zaɓin yana da muhimmanci. Na asalin, mai faɗin kusan santimita 20 da babbansa mai 30, faifansa a buɗe yake, da yatsa ake jan shi. A aji mai rufi ba laifi, amma a tsakar gida lokacin hunturu ƙura tana shiga ramin da faifan ke bi, ya fara cijewa. Yara kuma suna lanƙwasa shi. Mun fi son samfurin MOD da PLUS, masu murfi garai-garai a gaba da abin murɗawa a tsakiya. MOD ƙarami ne, ya dace da kan keken ɗinki ko teburin karatu. PLUS yana da mariƙi, ana kuma rage masa ƙara ko a ƙara. Mai minti 60 ya wadatar da yawancin mutane. Sai dai a san cewa ƙasa da minti 5 yankin yana yin siriri har ba ya jan ido.

Kafin a fara sa wa kowa wa'adi, a yi sati guda ana awo kawai. Mutum ya faɗi minti nawa yake ganin wanka da shiri za su ci, a sa faifan a kan abin da ya faɗa, ya tafi ya yi. In faifan ya ƙare bai gama ba, a sake jawowa, a rubuta jimillar a kaye. Haka za a yi wa karin kumallo, da wanke-wanke, da neman makulli da takalmi. Wanda ya ce 10 aka samu 25 yanzu yana da abin nunawa. Nan ne agogon ya fi burge mu, domin ya ba mutum bakin magana. Maimakon "ban san me ya faru ba", yarinya tana iya cewa: "Inna, ba ƙin aikenki na yi ba. Duba kaye, abin da nake ji minti 10 ne, minti 25 yake ci." Magidanci yana iya ce wa ubangidansa: "Alhaji, ba wasa nake da aikinka ba, ƙiyasin lokaci ne ke ba ni wuya, shi ya sa yanzu nake ƙara rabin awa a kan duk abin da na ce." Wannan ba wanke kai daga laifi ba ne. Wanda aka ɓata wa lokaci har yanzu yana da haƙƙin a ba shi haƙuri, amma gardamar ta tashi daga kan halin mutum ta koma kan abin da za a iya gyarawa.

Bayan satin awo sai aiki. Yaro ɗan shekara 7 ko 8 a fara masa da minti 10 na karatu, hutu 5, hutun ma a sa shi a faifai, in ba haka ba ba zai dawo ba. Ɗalibin da ke shirin BEPC ko bakaloriya ya gwada 25 da hutu 5, in ya yi masa yawa ya sauko 15. Aikin kuma a ambace shi ƙarami: "lissafi guda 4", ba "yi karatu" ba. Ga fita, a yi lissafi da baya. In motar Yamai ko ta Damagaram za a kama, a fara tsayar da lokacin barin gida, sannan a jawo faifan minti 30 kafin nan, a ajiye shi inda ake shiri. Ga mai girki, duk sa'ad da za ta bar tukunya a wuta ta shiga ɗaki, ta tafi da agogon a hannu. Barinsa a madafa daidai yake da rashin sayensa.

Inda ya gaza kuwa, na farko ba ya kunna kansa. Mai mantuwa zai manta da jawo faifan kamar yadda yake manta komai. Maganin wannan a ɗaura shi jikin abin da ba ya tsallakewa, kuma garinmu yana da irin wannan sau biyar a yini: an sallame la'asar, a jawo faifai, a zauna kan aiki. Na biyu, ido yana sabawa. Bayan ƴan makonni agogon ya zama kamar kalandar bango, sai a canza masa wuri ko a kunna ƙarar da aka kashe. Na uku, idan mutum ya nutse cikin abin da yake so, waya ko hira a fada, ƙaramar ƙararsa ba ta fito da shi. Nan sai dai mutum ya taɓa kafaɗarsa.

Akwai kuma ɓarnar da manya ke yi da shi. Idan aka mai da shi bulala, "faifan nan ya ƙare ba ka gama ba, ka sha kashi", yaro zai zauna yana kallon jan yankin cikin fargaba, aikin bai yiwu ba, kuma ya tsani agogon har abada. A bar yaron ya jawo faifan da hannunsa. Wanda ƙarar ke firgitawa a kashe masa ita.

Zafi ma abin lura ne. A watan Afrilu da Mayu, da ake haura digiri 40, roba tana lanƙwashewa in an bar ta a rana, batir mai araha kuma yana yoyo ya cinye ƙarfen mazauninsa. A sa batir irin wanda aka rubuta wa alkaline, a cire shi in za a ajiye agogon fiye da wata guda. Idan faifan ya fara jinkiri ko tsayawa a hanya, batir ake fara zargi, sannan ƙura.

Time Timer na ainihi yana da tsada ga aljihun talaka. Akwai kwaikwayonsa ƙirar Sin masu sauƙin kuɗi, wasu suna aiki lafiya, wasu kuma irin waɗanda ake yi wa wani da hannu ne, masu ƙas-ƙas da kararrawa mai razanarwa. Akwai shi a manhajar waya ma, amma ba mu ba da shawararta ga wanda wayar ce babbar matsalarsa: ya ɗauka don duba faifai, ya tsinci kansa a WhatsApp.

Agogo ba ya gano cuta kuma ba ya warkarwa. Likita ba ya cewa ADHD ne sai alamun sun fara kafin shekara 12, sun kai wata 6, kuma suna bayyana a wuri biyu ko fiye, kamar gida da makaranta. Ƙarancin barci, ƙarancin jini, raunin ji ko gani, damuwa, da wata irin farfaɗiya da yaro ke ɗauke wuta na ƴan daƙiƙu, duk suna iya kama da shi, don haka a je asibiti a nemi ganin likitan yara ko na ƙwaƙwalwa. Maganin da aka fi sani, methylphenidate, sai da takardar likita da sa idonsa. Tramol da sauran ƙwayoyin bakin titi da ake cewa suna sa kuzarin aiki ba maganin wannan ba ne, jaraba suke jawowa, tramol har da jijjiga.

Wanda zai sayi kwaikwayo kada ya biya sai ya gwada a gaban mai shago. Ya sa batir, ya jawo faifan zuwa 10, ya kunna agogon wayarsa a lokaci guda. In sun cika tare ko da saɓanin ƴan daƙiƙu, ya ɗauka. In saɓanin ya kai minti guda, ko faifan yana tsalle maimakon tafiya sumul, ya ce a kawo wani.