Mun kwana a Yankari mun shiga daji da sassafe, ga yadda na ga aikinsu

Ni haifaffen garin Bauchi ne amma rabona da Yankari tun muna firamare da aka kai mu a motar makaranta, abin da na riƙe a lokacin ruwan Wikki ne kawai da birai. To bayan ƙaramar Sallah, cikin watan Afrilu, na ɗauki iyali, ni da mai ɗakina da yara uku da Inna mahaifiyata, muka je muka kwana ɗaya. Tun da na dawo mutane ke tare ni da tambaya ɗaya, wai da gaske har yanzu akwai giwa a wurin ko dai labari ne, kuma kuɗin da mutum zai kashe ya cancanta? Amsata a taƙaice eh ya cancanta, amma da sharaɗi, kuma sharaɗin nan shi ne dalilin rubutun nan.

Bari in fara da abin da ya ɓata min rai don in wuce shi. Bas na ɗauka haya a wajen wani mai motocin haya a nan cikin gari, muka yi da shi ƙarfe tara na safe, na biya rabin kuɗi tun jajibiri, wallahi sai bayan azahar direban ya iso, kuma esi ɗin da aka ce min tana aiki iska mai zafi kawai take hurowa, ga tsohuwa a mota ga zafin Afrilu. Wannan lattin shi ya jawo muka rasa fita dajin yamma gaba ɗaya. Don haka duk wanda zai je ya tabbatar da motarsa tun da wuri, tafiyar ba ƙarama ba ce: daga Bauchi hanyar Gombe za ka bi, a Dindima ka yi kwana, ka miƙe har Mainamaji inda babbar ƙofar take, daga ƙofar kuma akwai sama da kilomita 40 a cikin daji kafin ka isa sansanin Wikki inda ɗakunan kwana suke. Mutane da yawa suna ganin get sai su ɗauka an iso, ina!

A get aka rubuta sunayenmu muka biya aka ba mu rasit, ba wata wahala. Ɗakin da muka kama ba otal ɗin Abuja ba ne, amma an share, akwai ruwa, mun yi barci lafiya, ni kam ba ɗaki na je kallo ba. Abu ɗaya da ma'aikacin da ya raka mu ya maimaita sau uku shi ne, Alhaji a riƙa kulle ƙofa da taga ko minti ɗaya za a fita, kuma kar yaro ya riƙe leda a hannu. Ba mu jima ba muka ga dalili, wani ƙaton gwaggon biri ya zo ya fizge ledar burodi daga hannun babbar 'yata ya hau kan rufi ya zauna yana ci, yarinya ta tsorata sosai sai da uwarta ta rarrashe ta. Su da gadu, wato mugun dawa, yawo suke a tsakar sansanin kamar awakin gida. Kar a ba su abinci, ba su abincin da baƙi ke yi ne ya sa suka raina mutane.

Da yammar muka sauka Wikki. Ruwan nan dai Allah ya yi masa kyau, daga ƙarƙashin dutse yake ɓuɓɓugowa, garau kana ganin yashin ƙasa da yatsun ƙafarka, ɗuminsa kusan digiri 31 ne rani da damina dare da rana, tsawonsa wajen mita 200 kafin ya gangara ya haɗe da kogin Gaji. Inna ba ta shiga ba, ta zauna a gefen da ba zurfi ta tsoma ƙafafu, ta ce gwiwarta ta saki. Matakalar sauka tana da ɗan yawa, mai tsoho ya riƙe masa hannu.

Yanzu ga ainihin maganar. Da muka idar da sallar asuba muka sha shayi a filas, kafin rana ta fito sosai muna cikin motarsu ta shiga daji, irin buɗaɗɗiyar nan mai benci a baya, da direba da jagora ɗaya. Ba a barin kowa ya shiga shi kaɗai, kuma da ka ga girman wurin za ka gane, murabba'in kilomita 2,244 ne, ba shinge ba keji. Jagoran namu dattijo ne mai ɗan furfura, ba shi da yawan magana, abin da ya fara faɗa mana shi ne, nan ba gidan zu ba ne, gidan dabbobi ne mu ne baƙi, ba zan yi muku alkawarin giwa ba amma zan nema muku ita. Gaskiya maganar nan ta burge ni, domin da wani ne da ya cika mu da daɗin baki.

Rabin awa ta farko ni ban ga komai ba sai itatuwa, marke da kawo da kuka da busasshiyar ciyawa, ɗana na tsakiya har ya fara cewa Abba ina dabbobin. Kawai sai mutumin nan ya bubbuga jikin mota direba ya tsaya, ya nuna wani wuri da ni na rantse kututture ne, ashe gwanki ne a tsaye yana kallonmu da dogayen kunnuwansa da ƙahon da ya lanƙwashe baya, a bayansa wasu huɗu. Daga nan ido ya fara buɗewa. Mun ga kanki, mun ga gwambaza kusa da fadama, mun ga mazo guda ɗaya da ya yi wuf ya shige duhuwa, jan biri yana gudu a ƙasa kamar kare, zabin daji kuwa ba adadi. Burtu biyu suka tsallaka hanya a hankali, Inna ta ce rabonta da ganin burtu da rai tun tana yarinya a ƙauye, sai dai kansa da maharba ke ɗaurawa a goshi. An ce tsuntsayen da aka ƙidaya a dajin sun haura iri 350, kuma jagoran yana jin kuka kawai yake faɗar sunan tsuntsu.

Ɓauna su ne suka fara sa jikina ya yi sanyi. Garke guda a bakin Gaji, baƙaƙe wuluk, carki na bin bayansu yana cire musu kaska, duk suka ɗago kai lokaci ɗaya suka zuba mana ido. Jagora ya ce kowa ya zauna kar a miƙe tsaye don ɗaukar bidiyo, ɓauna ba ta da wasa musamman tsohon namiji da ya ware shi kaɗai.

Sai kuma neman giwa, kuma a nan ne na san kuɗina bai tafi a banza ba. Ya sa aka tsaya ya leƙa ƙasa, ga sawu kamar faifai a cikin yashi, ga kashi, ya sauka ya tona shi da tsinke ya ce na daren jiya ne, ya nuna mana reshen da aka karya ruwan itacen bai bushe ba. Ya ɗebi ƙura ya sake ta ya ga inda iska ke kaɗawa, ya ce wa direba mu zagaya ta ɗaya gefen domin giwa ba ta gani sosai amma hancinta da kunnenta ba a yaudararsu. Muka tsaya a inuwar wata tsamiya aka kashe injin. Mun fi minti arba'in a wurin, zafi ya taso, tsando na cizo ta cikin riga, yara sun fara ƙorafi, ni kaina na ce Malam ko mu haƙura? Ya ce Alhaji a ƙara min minti goma, rana ta yi dole su sauko ruwa. Wallahi ba a yi minti goman ba muka ji ƙarar karyewar itace, sai ga su suna fitowa ɗaya bayan ɗaya, na ƙirga goma sha ɗaya na rikice, babbar uwa a gaba, wani ɗan ƙarami yana tafiya tsakanin ƙafafun uwarsa. Abin da ya fi ba ni mamaki shirun tafiyarsu, dabba mai wannan nauyi amma ba ka jin takunta. Inna sai tasbihi take, autana ya ƙanƙame ni ko numfashi ba ya yi da ƙarfi. Jagoran ya raɗa mana cewa wata 22 giwa ke ɗaukar ciki, shi ya sa in an kashe ɗaya ba a mayar da gurbinta da wuri, kuma wannan garken na Yankari yana cikin mafi girma da suka rage a duk Najeriya.

Zaki kam ba mu gani ba, kuma tun farko ya gaya mana kaɗan ne suka rage kuma da dare suke yawo. Mai son raƙumin dawa da jakin dawa kuma gandun dajin Sumu zai nufa a ƙaramar hukumar Ganjuwa, can aka ajiye waɗanda aka kawo daga Namibiya. Lokaci bai bar mu mun je kogunan Marshall da rijiyoyin Dukkey ba, sai wani zuwan.

Da muka dawo muka shiga ɗan gidan tarihin da ke sansanin, akwai hauren giwa da fatu da tarkuna da bindigogin da aka ƙwace a hannun mafarauta, a nan raina ya sosu gaskiya. Wurin nan tun 1956 aka keɓe shi, aka buɗe wa jama'a a 1962, ya koma hannun tarayya a 1991 sannan aka dawo wa jihar Bauchi da shi a 2006, kuma duk tsawon lokacin nan akwai masu gadi da ke kwana a daji da ransu a hannu don giwayen nan su rayu. Ƙungiyar WCS mai kare namun daji ma ta daɗe tana taimakawa wajen sintiri da bin sawun giwaye saboda gonakin ƙauyukan da ke kewaye, domin manomin da giwa ta shiga wa gona shi ma abin tausayi ne.

To sharaɗin da na ce shi ne a je da rani, daga Fabrairu zuwa Afrilu lokacin da ciyawa ta kwanta ruwa ya ƙafe ko'ina dabbobi suka taru a Gaji, kuma a kwana, kar a zo tsakar rana a yi awa ɗaya a koma gida ana cewa ba komai a Yankari. A tafi da tsabar kuɗi da ruwan sha da yawa da fawa bank, a sa riga mai dogon hannu wadda ba baƙa ba ba shuɗiya ba saboda tsando na bin waɗannan kalolin. Jagoranmu na ƙara masa ɗan ihsani a kan abin da na biya a ofis, Inna kuma ta sa aka kira shi ta ce Allah ya yi maka albarka ɗan nan, ta ba shi goron da ta ƙulle a bakin zanenta.