Madubin maƙera da nake gane jabun katin Pokémon da shi: abin da na gani

Jama'a, wanga ɗan madubi mai fitila da maƙeran zinare da azurfa ke duba aiki da shi, wanda ake ce ma lup, jikka uku da rabi na saye shi nan Yamai kuma wallahi ya ci kuɗɗinsa, amma da sharaɗi guda, sai kana da katin gaske a gefe da za ka gwada da shi. In babu wannan, ido kawai za ka gajiyar.

Ina da shagon kayan lakwal wajen Wadata, littattafai da biro da jakunkuna, kuma yara sun maida bakin shagon wurin musayar kati, na Pokémon, wato katunan wasa masu hotunan dabbobin zane irin su Pikachu, da na ƴan ƙwallo. Kullum in an taso daga lakwal sai gardama, wannan ya ce nasa orijinal ne wancan ya ce ƙarya ne, a ƙarshe a kawo mani in yi hukunci. Ƙanena da ke Lyon a Faransa shi ke aiko ma ɗiyana fakitin gaske na Faransanci lokaci lokaci, to da su nake gwadawa. Wani dattijon maƙeri a ƙauyen masu sana'ar hannu na Wadata shi ya fara nuna mani madubin, ya ce mani "ɗana, abin da aka buga da inji baya iya ɓoye ma wanga gilashi", ya kuma faɗa mani irin wanda zan nema.

Shi madubin ƙarami ne, yana naɗewa cikin murfinsa na ƙarfe ya shiga aljihu. Gilashi biyu gare shi, an rubuta 30x a babban 60x a ƙaramin, wato yawan ninkin da kowanne ke ƙara ma abu girma, da ƴar fitila fara kusa da kowanne, da wata mai shuɗin haske irin na duba takardar kuɗɗi. Pil uku ƙanana irin na agogo yake ci.

Inda ya burge ni shi ne wurin rubutu. Katin gaske ana buga hotonsa da ƙananan ɗigogi na kala huɗu, shuɗi, ja, ɗorowa da baƙi, in ka kafa gilashin a kan jikin Pikachu ko gefen katin za ka ga ɗigogin sun jeru sun yi ƴan da'irori reras kamar ɗinkin hula, babu wanda ya hau wani. Amma baƙin rubutun, wato sunan dabbar da bayanin harin da take kaiwa da ƙaramin rubutun nan na ƙasa mai ɗauke da shekara da sunayen kamfanonin Nintendo, Creatures da GAME FREAK, shi daban ake buga shi a kai da baƙin tawada zalla, shi ya sa bakin kowane harafi yake fitowa tsaf, a yanke. Mai jabu kuwa ba ya da asalin zanen, katin gaske yake samu ya ɗauki hotonsa ya sake bugawa gaba ɗaya lokaci guda, to sai rubutun ma ya koma ɗigo ɗigo, ka ga bakin harafi yana da gashi gashi, ja na leƙowa ta nan shuɗi ta can. Da ido tsirara katunan biyu za su iya yi maka kama ƙwarai, amma a ƙarƙashin gilashin ko yaro ɗan aji uku na gane bambancin, na sha miƙa masu su duba da kansu kuma gardama ta mutu nan take ba tare da na ce komi ba. Ni ƙaramin rubutun ƙasan nan nake fara dubawa don shi ne ya fi saurin tona asiri.

Abu na biyu, kaurin katin. Na gaske takarda biyu ce aka manne da wani siririn baƙin shafi a tsakiya. Za ku ga a intanet ana cewa a yaga kati a gani, don Allah kada ku yi ma yaro haka, in ya tashi na gaske ne ka kashe masa shi a banza. Da madubin sai ka tsaida katin a tsaye ka duba bakinsa, siririn baƙin layin yana nan tsakanin fari biyu. Yawancin na kasuwa fari ne fat tun daga sama har ƙasa, kuma su ne in ka haska fitilar salula ta bayansu haske ke ratsowa sosai har ka ga zanen ɗayan gefen. Sai dai akwai jabu masu kyau da su ma suke saka baƙin shafin yanzu, don haka ganin layin kaɗai bai isa ka rantse ba, rashinsa ne ke yanke magana.

Gaskiya rabin katunan da ake kawo mani basu ma buƙatar madubi. Kalmar Pokémon tana da ƴar alama bisa harafin e, in babu ita ka aje. Na Faransanci PV ake rubutawa a sama inda na Ingilishi ke da HP, wato makin ƙarfin ran dabbar, kuma dabbar da ake ce ma Charizard a Ingilishi sunansa Dracaufeu a Faransanci, to in ka ga kati ya cakuɗa harsunan biyu an gama. Lambar PV ɗin ma ɗaruruwa kaɗan ce a katin gaske, amma yaro zai zo maka da mai 9000 yana murna. Bayan katin shuɗinsa mai duhu ne a gefe da haske haske a tsaka, na jabu ya kan koɗe ko ya karkata zuwa shunayya. Girmansa milimita 63 da 88, in ka haɗa shi da na gaske ka ga ya ɗara ko ya gaza to ka san sauran. Manyan katunan nan masu cikakken hoto da yawansu suna da ƴan layuka da yatsa ke ji in ka shafa, jabun sumul yake yana ta ƙyalli. Su kuwa na roba masu ruwan zinare da ake saidawa dami dami, ba kamfanin ne ya yi su ba, kayan wasa ne kawai.

To yanzu aibunsa. Gilashin 60x ɗin kusan ado ne, wurin da yake nunawa ƙanƙane ne ƙwarai kuma sai ka manna shi da katin, hannunka ya ɗan motsa komi ya ɓace, ni 30x nake aiki da shi kullum. Pil ɗin da ya zo da shi basu daɗe ba suka mutu, kuma makunnin fitilar sako sako ne, yana kunna kansa cikin aljihu. Shuɗin hasken yana da amfani ga takardar kuɗɗi, ga kati ban ga abin da ya ƙara mani ba. Sannan ƙurar Yamai, musamman lokacin hunturu, tana kwanciya kan gilashin, in ka goge da bakin riga zai karce, sai da tsumman tabarau. A jikka uku da rabi ban yi ƙorafi sosai ba.

Na haɗa da ɗan sikelin zinare mai pil, shi ne ba zan ce kowa ya saya ba. Katin gaske yana wajen giram 1.8, wanda ya yi sauƙi sosai ko nauyi sosai sikelin zai kama shi, amma jabu da yawa suna faɗawa kusa da wannan nauyin, sai ya zama bai faɗa maka komi ba.

Na ƴan ƙwallo ma madubin na aiki a kansu. Panini, wani kamfani na garin Modena a Italiya, yana cikin masu buga na gaske. A nan ma hanya guda ce, ka sa na gaske da wanda ake shakka gefe da gefe ka duba sunan ɗan wasan da rubutun baya.

Inda madubin ba ya da iko ko kaɗan shi ne cinikin Facebook da WhatsApp, hoto ba ya nuna ɗigon tawada. Kuma can ne manyan kuɗɗi ke tahiya. Katunan Pokémon sun fara fitowa a Japan cikin 1996, na Ingilishi a 1999, kuma tsofaffin sun yi tsada har wani ɗan YouTube na Amurka, Logan Paul, ya sayi katin da ake ce ma Pikachu Illustrator kan dalar Amurka 5,275,000 a 2021, wanga labari shi ke sa samari ke zaton sun tsinci arziki. Akwai kamfanin PSA a Amurka da ke tantance kati ya ba shi maki daga 1 zuwa 10 ya rufe shi cikin roba da lamba, ana iya duba lambar a shafinsu, amma masu jabu suna kwafe lambar gaske su manna ma robar ƙarya, don haka ka duba ko katin da lambar ta nuna shi ne wanda ake tallata maka, kuma kada ka tura kuɗɗi kan abin da baka riƙe ba.

Abin da ya fi ci mani rai dai yaran ne. Wata Hajiya ta zo da ɗanta yana kuka, ya bada katunansa na gaske da kawunsa ya kawo masa daga waje an ba shi guda mai ƙyalli a madadi. Ya miƙo mani ya ce "tonton duba mani, ai na gaske ne ko?" Na kafa gilashin na ga rubutun ɗigo ɗigo, na ba uwar ta duba ita ma ta gani. Aka kira ɗayan yaron, shi ma ashe bai sani ba, a tebur aka saya masa, da ya duba da idonsa sai ya maido katunan ba tare da rigima ba. Masu teburin ma da yawansu ba macuta ba ne, kwali suka saro basu taɓa riƙe na gaske ba, kuma in yaro ya sayi na dala ashirin don ya yi wasa ni ban ga laihi ba muddin ya san mi ya saya kuma bai musanya shi da na gaske ba.

Mai shago kamata da iyayen da ɗiyansu ke tara kati, ku nemi madubin wajen masu saida kayan maƙera ko masu gyaran agogo da salula, ku sa a kunna maku fitilar a gabanku, ku duba gilashin babu karce kafin ku biya, ku sayi pil na ajiya tun a wurin. Mai gilashi guda na 30x ma ya wadatar in ya fi araha. Katin gwaji kuwa ba sai mai tsada ba, ko wane ƙaramin kati da ya fito daga fakitin gaske zai yi aikin, ni cikin leda nake aje nawa a aljihun tebur tare da madubin.