Ƙaramin kundin haƙƙin ɗan Adam da ake sayarwa a Gusau: amfaninsa da tarkonsa

Ƙaramin littafin nan na Turanci da ake samu a shagunan littattafai na Gusau, wanda ya haɗa Kundin Tsarin Mulkin 1999 da dokokin shigar da ƙarar tauye haƙƙi, ya cancanci kuɗinsa ga ɗalibin lauya da mai bibiyar ɗan'uwansa da ke tsare. Amma sai an duba kafin a biya.

A fara da shekarar dokokin. Na 2009 ake so, waɗanda Babban Jojin Ƙasa Idris Legbo Kutigi ya fitar, suka fara aiki ranar 1 ga Disamba, 2009. In aka ga na 1979 a manne a baya, a ajiye shi. Tsohon tsarin ya ce sai an nemi izinin kotu tukuna; sabon ya soke wannan, ya kuma cire wa'adin kai ƙara. Takardu uku ake haɗawa da buƙatar: bayanin mai ƙara da abin da yake nema, takardar rantsuwa, da rubutacciyar hujjar lauya. Wanda ake ƙara yana da kwana 5 ya amsa, mai ƙara ma kwana 5 ya mayar da martani.

Babi na huɗu na Kundin Tsarin Mulki, sashe na 33 zuwa 46, shi ne naman littafin. Sashe na 35 ya ce a kai wanda aka kama gaban alƙali cikin kwana ɗaya idan akwai kotu mai hurumi a tazarar kilomita 40, in babu, kwana biyu ko abin da kotu ta ga ya dace. Ƙaramin sashe na 6 ya ba wanda aka tsare ba bisa ƙa'ida ba diyya da neman afuwa a bainar jama'a. Mutane da yawa ba su san da shi ba.

Inda littafin ya gaza shi ne ba ya da sharhi ko kaɗan. Ba zai gaya maka cewa Babbar Kotu ake zuwa da irin wannan ƙara ba, sai ka tono sashe na 46 da kanka. Kotun majistare da kotun Shari'a ba huruminsu ba ne. Ba zai kuma gargaɗe ka cewa in ainihin rikicin na gona ne ko sarauta, aka lulluɓe shi da rigar haƙƙin ɗan Adam, za a yi watsi da shi ba. Wani bugun kuma yana zuwa da dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015, alhali ta kotunan tarayya da Abuja ce. Zamfara tana da nata dokokin, har da kundin hukuncin Shari'a da aka fara kafawa a 2000. Wanda aka kama a madadin ƙaninsa, ya fi masa ya riƙe sashe na 36 na Dokar 'Yan Sanda ta 2020, wadda sai an saye ta daban.

Ɗaurin kuwa na gam ne, takardar sirara. A buɗe tsakiya a lissafa shafuka, a tabbatar fam ɗin da ke ƙarshen dokokin 2009 yana nan.