Kurfotin maƙeri, na mai walda ko na kanti: wanne ya dace ka saya?

Da hunturu ya kawo kai sai ka ga masu kurfoti sun cika bakin titi, kowa ya jera nasa yana ƙyalli da fenti mai ruwan azurfa. Gas ya yi tsada, kananzir ya zama sai wane da wane, don haka gidaje da yawa sun koma gawayi, wasu don girki, wasu don shayi, wasu don jin ɗumi da asuba. Daga nesa duk kamarsu ɗaya, amma wani zai yi maka shekaru, wani kuwa ko sanyin bana ba zai fitar da kai ba.

Mafi araha shi ne na kwano, wanda ake yanka daga ragowar kwanon rufi ko gwangwani. Wannan kada ma ka taya.

Sai wanda ake kira Abacha, sunan da ya samo tun shekarun 1990, lokacin da ƙarancin kananzir ya mayar da mutane kan gawayi da garin katako. Yana ci da sauri, bai da nauyi, amma yawancinsa ƙarfen ba kauri, cikinsa ne ke fara cinyewa. Akwai kuma mai yumɓu a ciki, ɗan gidan kurfotin da ake kira jiko a ƙasar Kenya da wanda ake kira Gyapa a Ghana. Gaskiya yana rage cin gawayi, domin yumɓun yana riƙe zafi. Sai dai ranar da ya suɓuce daga hannun yaro, ko miya ta zube masa yana da zafi, yumɓun ya tsage, shi ke nan. Na wilin mota da masu walda ke haɗawa yana da ƙarko, ba na musu, amma ɗaukarsa sai ƙato, kuma ramukansa manya ne, ƙananan garwashi duk ƙasa suke zubewa.

Ni dai na maƙeri nake so, kuma maƙerin baƙi nake nufi, mai aikin baƙin ƙarfe da wuta da masaba. A Kano da Zariya da Katsina da Damagaram har yanzu akwai gidajen da suka gaji wannan sana'a, kuma in ka tambaya a kowace babbar kasuwa za a nuna maka rumfarsu. Ka je da kanka ka zauna. Za ka ga yaro yana ta zuga, gawayin ƙirya ya yi jajir, maƙerin ya ciro ƙarfe da awartaki ya aza a kan uwar maƙera, bugu kaɗan ya lanƙwasa shi yadda yake so. Ƙarfen da aka lanƙwasa da zafi ba ya tsagewa a gwiwa kamar wanda aka tilasta wa lanƙwasa da sanyi. In zai huda, madoshi yake sa wa tun ƙarfen yana ja, sai bakin ramin ya tattaru ya yi kauri maimakon a rage masa nama. Hannun kurfotin kuma yakan murɗa shi kamar igiya, ya naɗe bakinsa, ga ado ga daɗin riƙo. Ka ce ya sa farantin ƙarfe mai kaurin milimita 2 zuwa 3, ragar da garwashi ke zama a kai kuma ta rodi mai milimita 10, wadda ake iya cirewa. Wannan na cirewa yana da muhimmanci, don raga ce ke fara mutuwa a kowane kurfoti, in ta ci sai a ƙera wata a ɗora, jikin yana nan. Tunda ka zo, ka haɗa da ɗan awartakin ɗaukar garwashi da ƙaramin cokalin kwasar toka, kada a riƙa ƙona maka cokulan gida.

Amma abin da nake fara dubawa, kafin kauri, kafin kyau, ƙafa ce. Wani mai walda ya taɓa haɗa mana kurfoti mai kyan gani, ashe ɗiga waldar kawai ya yi a kan kowace ƙafa, ya shafe da fenti. Ana cikin dafa shayi ƙafa ɗaya ta ɓalle, buta ta kife, garwashi ya watsu a kan darduma, da ƙyar aka janye yarinyar da ke zaune a gefe. Da aka mayar masa cewa ya yi wai nauyi aka ɗora. Butar shayi ce nauyi! Saboda haka ka kifa kurfotin ka dubi inda ƙafa ta haɗu da jiki. A aikin maƙeri za ka ga an huda, an zura ƙusa, an daddaƙe kanta ta ɓangarorin biyu. Irin wannan haɗin ko ya saki, girgiɗi zai fara yi ya ba ka sanarwa, ba ya ɓallewa farat ɗaya. Ka faɗa wa maƙerin tun farko: "Baba, ƙafa uku nake so, a daddaƙe su, kada a yi walda." Uku, domin ƙafa uku tana zama daram a kowace irin ƙasa kamar duwatsun murhu, mai huɗu kuwa sai an nemo abin tokarewa. Kuma su buɗe waje kaɗan, gindin ya fi bakin faɗi.

To, ga inda ake cutar mutane. Tun da aka gane masu saye na neman aikin maƙeri, wasu suka koma sassara ƙarfe da giranda don ya yi kama da sawun guduma. Sawun guduma na gaske ba ya zuwa a jere, wani babba wani ƙarami, kuma gefensa sumul yake, na giranda kuwa yana da zane-zane kamar na magagari. Wasu kuma abin da masu gyaran jikin mota ke cike lotsawa da shi suke shafawa a kan mummunar walda, su bi da fenti, wuta ɗaya ya ƙone ya zube. Ka kankare fentin da makulli a wajen haɗi, in mai kaya ya hana ka, ka ajiye masa abinsa. Ka ɗaga ka ji nauyi, ka danna gefen da babban yatsa. In ya lotsa, kwano ne aka yi wa kwalliya.

Fentin nan mai ruwan azurfa yana ɓoye wani abin da ya fi wannan muni. Kwanon rufi da bututun ruwa ana lulluɓe su da sinadarin zinki don kada su yi tsatsa. In wuta ta ci shi sosai yana fitar da farin hayaƙi mai jawo zazzaɓi da ciwon ƙirji, mutum ya ɗauka maleriya ce. Haka wanda aka yanka daga duro: ka tambayi abin da duron ya ɗauka a da, don wasu na maganin ƙwari ne ko na sinadaran masana'anta, kuma a kan wannan za a gasa wa yara masara. Kurfoti sabo, ko na waye, a fara hura shi a tsakar gida babu komai a kai har fenti da maiƙo su ƙone. Kada kuma a kwana da shi a ɗaki a rufe. Gawayi yana fitar da iskar da ba ta da wari ba ta da launi, tana kashe mutum yana barci, kuma a wannan na maƙeri da na kanti duk ɗaya ne.

In aiki za ka bayar, ka yi hattara da samfur. Wani zai nuna maka mai kauri, ka ba da kafin alƙalami, ranar karɓa a miƙo maka mai rabin kaurin an riga an shafe shi da fenti. Ku yi magana a gaban shaida cewa ba fenti za a kawo shi, ka zaɓi farantin ƙarfen da hannunka, ka sa masa alama ta ƙasa da ƙusa. Cikon kuɗi sai ka kifa shi ka ga alamarka.