Sabar ta biyu a ajiye: yadda na ga aikin da aka yi mana

Masu magaza da famasi da kilinik na nan Maradi, in dai duk lissafinku cikin sabar guda yake, wato babbar kwamfutar da ke riƙe bayanan shago, to ku ji wannan. Mu sari muke yi kusa da babbar kasuwa, faktir da sitok da bashin mutane duka cikin sabar Dell PowerEdge guda suke zaune, sai wasu samari teknisiyan da muke kontra da su suka matsa wa Alhaji mai shagon ya sayi wata irinta sak a ajiye. Da farko ya ƙi, ya ce kuɗi ne za a kwantar a banza, kuma gaskiya kuɗin ba kaɗan ba ne.

Amma ku duba garinmu. Zafin Afrilu da Mayu yana wuce digiri 40, ƙurar hunturu tana toshe fanka, ga kuran ɗinmu ta layin Katsina take zuwa, kowa ya tuna 2023 da Najeriya ta yanke ta aka koma kan grup dare da rana. Inji ba ya son wannan kashe-kunna ko da akwai ondilar, na'urar batirin da ke riƙe inji in kuran ta ɗauke. In ya yi pan kuma kayan gyara sai Yamai, sama da kilomita 600, ko a bi ta Dan Isa a tafi Kano, shago tsaye.

Abin da ya burge ni da yaran nan, da suka ce iri ɗaya to iri ɗaya suke nufi, samfuri ɗaya, katin RAID ɗaya (katin da ke haɗa faifan ajiyar bayanai su yi aiki tare), har manhajar cikin katin sun daidaita. Shi ya sa ranar da babban allon cikin sabar ta farko ya ƙone bayan wata tsawa da damina, sai kawai suka zaro faifan daga gaba ɗaya bayan ɗaya, kowanne da lambarsa da suka manna da sikoc, suka zura a sabuwar bisa jeri, ta karɓa ta tashi. Kafin la'asar yaran kes sun ci gaba da buga faktir, wallahi Alhaji sai hamdala yake yi.

Kuma duk wata suna zuwa su kunna ta ajiyar su gani, su hure ƙura, su duba ƙaramin batirin da ke riƙe agogon cikinta, sannan su cire ta daga kuran su mai da ita wani ɗaki daban.

Inda ban ji daɗi ba, ba su faɗa mana tun farko cewa wannan ba ya maye gurbin kwafin bayanai ba. In faifan ne suka mutu ko birus ya shiga, ta biyun ba abin da za ta yi maka, sai da na tambaya da kaina suka haɗa mana faifan waje da muke kwafa kullum da yamma ana kai shi gida. Sannan ranar Juma'a samunsu a waya aiki ne, ku sa wannan cikin kontra tun kafin ku biya.